Kafso Biyu Da Shayin Sulhu

Hantsi bai gama ɗagawa ba Kafinta ya faɗi a tsakiyar shagonsa, tsakanin ƙafafun wani gado da bai gama haɗawa ba. Waɗanda suka fara isa sun ce fuskarsa ta kumbura har idanun sun nutse, leɓɓansa sun yi suntum, yana kama maƙogwaro da hannu biyu kamar mai son kwance igiyar da ba wanda yake gani. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti, numfashi ya tsaya. A kan bencin aikinsa akwai kofin shayi, saura kurɓi biyu a ciki.

Unguwar ba ta ɓata lokaci wajen tunani ba, dama ba ta saba ba. Kowa ya san jiya da yamma Kafinta da Mai Shayi sun yi cacar baki a kan dusar katako da iska ke kwasowa daga shagon tana zubawa a madara. Kowa ya ji Mai Shayi ya ce, "Za ka ga abin da zan yi maka." Kowa kuma ya ga yau da safe shi da kansa ya tsallaka hanya da kofi a hannu ya kai wa Kafinta, abin da bai taɓa yi ba. Kafin azahar an farfasa teburinsa, an tuntsurar da tukunyarsa, an fasa masa baki. Da ƙyar Sajan ya ƙwace shi ya kai shi bayan kanta. Yayan mamacin, wani direban babbar mota, ya tsaya a ƙofar caji ofis ya rantse cewa ranar da aka saki Mai Shayi, ranar za a yi jana'izarsa.

Sajan bai gamsu ba. Ya aika aka kira masa Mai Sawu.

Mai Sawu ya shekara talatin yana bin dabbobin sata a daji, yana karanta ƙasa yadda wasu ke karanta jarida. Da ya tsufa ya dawo cikin gari, inda kwalta da siminti suka cinye masa rabin sana'a, ya koma neman akuyar da ta ɓata da babur ɗin da aka tura. Ya iso yana ɗan ɗingishi, saboda wani miki da ya yi fama da shi a ƙauri wata biyu da suka wuce.

"Baba, gobe da safe dole in tura mutumin nan gaba da laifin kisa," in ji Sajan. "In na tura shi, ya tafi ke nan. In na sake shi, Direba ya gama da shi. Ka nemo min abin da zan nuna wa mutane."

Mai Shayi na zaune a ƙasa bayan kanta, leɓensa a fashe, rigarsa duk shatin madara. Da ya ga tsohon sai ya yunƙura zai durƙusa.

"Zauna abinka," in ji Mai Sawu. "Me ka zuba masa?"

"Madara da yawa, sukari cokali uku. Yadda yake so. Baba, wallahi shayin sulhu ne. Kwana na yi ina jin kunyar kaina. Shekara tara yana sha a teburina. Bencina biyun nan da aka karya yau, shi ya yi min su."

"Da ka ce zai ga abin da za ka yi masa fa?"

"Zan daina ware masa burodi mai laushi ne. Iyakar ƙarfina ke nan."

Sajan ya kau da kai don kada a ga ya murmusa.

"A gabanka ya sha?"

"A'a. Da hagu ma ya karɓa, don hannun damansa a ɗaure yake da tsumma. Ya yi dariya ya ce na kawo a daidai, dama yana neman abin da zai haɗiyi magani da shi."

"Wane magani?"

Mai Shayi ya buɗe hannuwa. "Ban tambaya ba, Baba. Wa yake tambaya?"

Shagon Kafinta ya sha ƙafa. Mutum fiye da hamsin sun shiga sun fita, sun tattake dusar katakon nan da a ce an bar ta da ta ba da labarin komai. Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa yana girgiza kai. Sannan ya hango takalmin mamacin ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gadon, inda ya fice lokacin da ake ciccibarsa. Ya juya shi. An yi wa dundunniyar faci da guntun taya, an kafe da ƙusa uku, biyu a jere, ɗaya ta karkace.

Duk unguwa sawun mai laifi take nema. Shi sai ya ce bari ya bi sawun mamacin. An yi yayyafi da asuba, ƙasar lunguna ta yi laushi, kuma Kafinta da sassafe ya fita, kafin ƙafafu su yi yawa.

Ya fara daga gidan. Matar Kafinta na zaune a tsakar gida cikin mata, idanunta sun ƙafe. Ta taso ta same shi a zaure.

"Yatsan nan ne ya hana shi barci kwana uku, Baba. Zarto ya tsage shi, ya kumbura, ya tara mugunya. Na ce ya je asibiti. Ya ce in ya je ya wuni a layi, gadon mutane wa zai haɗa?"

"Ya sha wani abu a gida?"

"Shi? Ai tsoron magani yake yi. Tun kafin aurenmu ya taɓa shan kafso jikinsa ya yi rudu-rudu, sai da ya kwana biyu a asibiti. Tun daga nan ko kyauta ka ba shi ja da baƙi ba zai sha ba. Ko ni na sha, sai ya ce in wanke kofin."

"Mene ne sunan maganin?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta sunan ruwa. "Ja da baƙi mana."

"A asibitin ba su ba shi takarda ba?"

Ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin akwati. Ta dawo da wata takarda da ta yi ja don tsufa, an ninke ta har ninkin ya fara yagewa. Ta ce tana ƙasan akwati tare da takardar fili, ba ta jin ya sake buɗe ta tun ranar da aka ba shi. Mai Sawu bai yi nisa a boko ba. Ya sa ta a aljihu.

Ƙusa ukun suka ɗauke shi daga ƙofar gidan, suka bi gefen kwata, suka tsaya a gaban kemis. A nan sawun ya yi zurfi, alamar mutum ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa.

Mai kemis ɗin bai taɓa taka ƙofar makarantar likita ba, ko da neman inuwa. Amma yana da farar riga, kuma ya iya ɗaure fuska idan ana ba shi labarin ciwo, don haka unguwa ta naɗa masa Dakta, shi ma ya amsa.

"Ya zo, ba zan ɓoye ba," in ji Dakta. "Ya nuna min yatsan. Na ɗauko masa ja da baƙi, ya yi baya kamar na zaro maciji. Na ce to wani kalar yana hanya, ya dawo da yamma. Ya tafi. Ko ruwan leda ban sayar masa ba."

"Da wani kalar yana nan, da ka ba shi?"

"Me zai hana?"

"Ba tare da takardar likita ba?"

"Baba, in na zauna jiran takarda, ni da iyalina takarda za mu ci."

Suna cikin magana wata mata ta leƙo da goyo. "Dakta, murar nan ta dawo. Ba ni irin na rannan guda uku." Dakta bai ko dubi goyon ba. Ya zaro katin kafso, ya sa almakashi ya datse uku, ya miƙa mata ba leda ba bayani. Guntayen kati sun cika ƙasan kanta, duk yankansu miƙaƙƙe, kuma babu ɗaya da ya tsira da cikakken sunan abin da ke cikinsa. Mai Sawu ya fita da zargin mutumin a ransa. Sai dai ƙasa ba ta goyi bayan zargin ba, domin sawun bai koma shago ba. Ya yi gaba, da sauri ma, irin tafiyar wanda ya tuna da wani wuri.

Ya bi shi ta gaban famfo, ta jikin katangar makaranta, har bakin kwalta. A ƙetaren titin lunguna uku ne. Ya duba na farko, babu. Ya duba na biyu, babu. Na ukun lungun gidansa ne, shi Mai Sawu. Ya tsaya a bakinsa ya ji ƙaurinsa na zugi, ya ce wa kansa ai takardar aljihunsa ta fi gaggawa. Ya tari mota ya nufi asibiti.

Autarsa nas ce a can. Ya same ta ta fito shan iska a ƙarƙashin bishiyar bakin ɗakin haihuwa. Ta karɓi takardar ta buɗe a hankali, fuskarta ta canza.

"Baba, ga shi nan da jan biro, har an ja layi biyu. Kada a ba shi fenisilin ko wani danginsa. Jininsa bai haɗu da shi ba."

"Shi ne ja da baƙin?"

"Kala ai riga ce, Baba. Kamfani goma, riga goma, magani ɗaya. Yau ya zo a ja da baƙi, gobe a shuɗi da fari. Na ga gawar da idona. Ba aikin guba ba ne, magani ne jikinsa ya ƙi, maƙogwaro ya toshe. Likita ya gaya wa Sajan, Sajan ya ce baki ba ya isar unguwa, sai an kawo abin da ya sha." Ta ninke takardar da ƙarfi. "Kullum sai an kawo mana su. Mura kafso, ciwon kai kafso, ɓacin rai ma kafso. A sha biyu a ji dama-dama a ajiye saura don baƙo. Ranar da cutar gaske ta zo mu ɗura musu maganin ya ƙi ci, sai a ce asibiti ba su iya aiki ba. Mutum ya haddace lambar waya ashirin, amma sunan abin da zai iya kashe shi sai ya ce ja da baƙi."

"Ki yi a hankali, mutane na ji."

"Su ji. Kai ma naka na ƙafa, ka shanye?"

"Na warke ai."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba, Baba."

Ya ce rana na yi, ya kama hanya.

Ya ari rariya a wurin magina ya koma shagon. In Kafinta a nan ya haɗiyi maganin, to a nan ya yar da ɓawonsa, kuma ƙafa hamsin ba sa ɓatar da abu, binne shi suke yi. Ya durƙusa a gindin bencin yana tankaɗe dusar katako tafi bayan tafi. Ya sami ƙusoshi, ya sami guntun fensir, ya sami maɓalli. La'asar ta yi sanyi kafin wani abu ya yi ƙyalli a cikin rariyar.

Guntun katin kafso ne mai gurbi biyu, duka an fasa. Babu suna a jikinsa sai rabin harafi. Amma ba rubutun ya kalla ba, bakin yankan ya kalla. Ba miƙaƙƙe ba ne irin na Dakta. Haƙori-haƙori ne kamar bakin zarto, irin yankan almakashin da teloli ke gyara bakin yadi da shi don kada ya zare. Ya bi haƙoran da farce, ɗaya, biyu, uku, huɗu. A gurbin na biyar babu tsini, sai ɗan lanƙwasa.

Sannan ya kama gefen rigarsa ya juyo cikinta. Ga haƙoran nan a bakin ɗinkin, huɗu masu tsini, na biyar a dakushe. Haka suke a cikin kowace riga da ya mallaka. Shi ya sayo wa matarsa almakashin shekarar da aka haifi Auta, shi kuma ya karya masa haƙori ranar da ya ɗauka ya yanke waya, aka yi sati ana yi masa gori.

Wannan karon bai tsaya a bakin lungu na uku ba. Bai ma yi taku goma ba ya gan su a gefen da ƙafa ba ta cika bi ba, ƙusa biyu a jere, ɗaya ta karkace. Sun shiga ƙofar gidansa, sun fito.

Gidan shiru. Shekara talatin da wani abu, duk la'asar ƙarar keken ɗinki ce ke tarbarsa tun daga zaure. Yau matarsa, Inna Mai Keke, na zaune a gaban keken, hannuwanta a cinya, yadi a ƙarƙashin allura ba a taɓa shi ba. Garwashi na ci a murhu, ba a ɗora komai ba.

Ya ajiye guntun a kan teburin keken. Ta dube shi sau ɗaya ta kau da ido.

"Ka daɗe, Malam," ta ce. "Na zaci tun azahar za ka iso."

"Na tsaya a bakin lungu na juya."

Ta jawo aljihun keken. Cikinsa ya san shi kamar tafin hannunsa, kwarkwaro, alli, maɓallai, da gwangwanin biskit ɗin da duk unguwa ta sani. Wanda ya sha magani ya rage, nan yake kawowa. Wanda ciwo ya kama kafin ya shirya, nan yake zuwa. Inna ba ta taɓa karɓar komai a kai ba, sai godiya, kuma ana yi mata ita da yawa. Ta ciro wata ambulan ta asibiti da sunansa a jiki. A ciki akwai sauran katin, shuɗi da fari.

Nasa ne. Likita ya ce sau uku a rana har kwana bakwai. Ya sha kwana uku mikin ya kame, ya miƙa mata saura ya ce, ajiye, za su yi wa wani rana.

"Bayan fitarka ya shigo," in ji ta. "Ya ce Inna, dubi yatsan nan. Na ce ai irin ciwon ƙafar Malam ne, ga wanda ya warkar da shi. Sai da ya tambaye ni, Malam. Ya ce, ba dai ja da baƙi ba ne ko? Na ce kai ma ka gani da idonka, shuɗi da fari ne. Har na tsokane shi, na ce ƙato da kai kana tsoron kala. Ya yi dariya. Na yanka masa biyu na ce ya haɗa su lokaci guda don su yi saurin aiki."

Ta miƙo masa katin. Ya ɗauki guntun ya kara a jikin katin. Haƙoran suka shige juna ba ko tazarar gashi, har na biyar ɗin.

"Wa ya sani bayan kai?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Babu."

Dukansu biyu suka dubi murhu. Guntun bai kai rabin yatsa ba, garwashi ɗaya ya ishe shi. Ruwa zai sauko cikin kwana biyu ya wanke lungu. Mai Sawu ya taɓa rasa sawu a rayuwarsa, ba wanda zai yi mamaki in tsoho ya ce ido ya gaza. Ya damƙe guntun a tafin hannunsa.

"Matar Mai Shayi a nan ta wuni," in ji Inna. "A kan cinyar nan ta yi kukanta. Tana cewa Inna ki yi mana addu'a Allah ya tona asirin wanda ya yi. Ina shafa mata kai ina cewa amin."

Ta miƙa hannu ta karɓe guntun daga hannunsa. Ta haɗa shi da katin da ambulan da almakashin, ta naɗe su a ƙyallen da ya rage daga ɗinkin jiya, ta ɗaure bakin.

Washegari da safe Sajan ya tara su a shagon Kafinta. Mai Shayi na tsaye da ankwa, Dakta da farar rigarsa yana ta share gumi, matar mamacin a kan kujera, Direba ya tokare ƙofa da ƙirji. Jama'a sun cika hanya har kan kwata. Auta ta zo da kayan aikinta, ba ta san me ya sa mahaifinta ya ce lallai ta zo ba. Inna na can gefe cikin mata.

Mai Sawu ya fara da kofin. Ya ce shayi ne, madara da sukari, ba wani abu. Jama'a suka yi guna-guni. Ya juya ga Dakta ya ce mamacin ya je wurinsa ya fito hannu wofi, ba don Dakta ya yi hankali ba, sai don kalar da ke kantarsa ba ta yi masa ba. Dakta ya yi ajiyar zuciya har da gyara wuyan riga, kamar an yabe shi. Sannan ya ba Auta tsohuwar takardar ta karanta, ta kuma yi bayanin riga goma magani ɗaya.

"Duk wannan surutu ne," in ji Direba. "Ƙanena ba ya shan kafso. In ya sha, wa ya ba shi? A nuna min shi."

Mai Sawu ya kwance ƙyallen a kan bencin. Ya ajiye guntun da ya tankaɗo, ya ajiye katin, ya tura su suka haɗe. Ya ajiye almakashin a gefe. Ba a buƙaci bayani ba. Rabin matan da ke wurin da shi aka gyara musu bakin zane. Auta ta ga ambulan ɗin, ta karanta sunan, ta dafa bango.

"Maganin nawa ne," in ji shi. "Likita ya ce in shanye, na ga na fi shi sanin ƙafata. Ni na ba da saura a ajiye."

"Ni na yanka na ba shi," in ji Inna daga cikin mata. Ta fito fili. "Ya tambaye ni, na ce masa ba shi ba ne. Ku kwance wa bawan Allahn nan hannu."

Direba ya yi taku biyu, Sajan ya sha gabansa. "To ke kika kashe shi," in ji Direba. "Tsohuwa da ke, wa ya ce ki zama likita?"

"Kai, Yaya." Matar Kafinta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Watan jiya da 'yarka ta yi gudawa kana kan hanya, ina aka je? Ni ka bugo wa waya ka ce in je wurin Inna in karɓo mata biyu. Ni ma da ni ya nuna wa, da haka zan ce masa, wannan ba ja da baƙi ba ne. Shekara goma sha ɗaya takardar nan na ƙasan akwatina, ban taɓa kai wa wani ya karanta min ba."

Direba ya ja da baya. A cikin taron ba wanda ya iya duban na kusa da shi. Mutanen da jiya suka sami ƙarfin karya benci, yau kowa ƙafarsa yake kallo, domin da wuya a sami gida ɗaya a cikinsu da gwangwanin nan bai taɓa shiga ba, ko a kai ko a karɓo.

Inna ta durƙusa a gaban matar. Matar ta janye ƙafafunta.

"Kada ki roƙe ni yau, Inna. Na san ba da nufi kika yi ba. Amma kada ki roƙe ni yau."

Sajan ya kwance ankwar. Mai Shayi ya murza wuyan hannunsa, ya fita, jama'a na darewa suna ba shi hanya. Ya tsallaka ya tsuguna a gaban tarkacen teburinsa, ya ɗauki ƙafar benci ɗaya yana juya ta. Wanda zai gyara masa shi ne ake shirin kaiwa makwanci.

"Inna, sai mun je ofis kin ba da bayani," in ji Sajan a ladabce. "Abin da zai biyo baya ba a hannuna yake ba."

Ta gyara mayafi ta bi shi. Auta ta kama hannun mahaifiyarta. Mai Sawu ya biyo su a baya, idonsa a ƙasa kamar kullum. Ya san sawun matarsa tun tana amarya, ɗan gajeren taku mai sauri, ƙafar dama ta fi nutsewa saboda taka keke. Yau jan ƙafafun take yi, tana barin layi biyu a ƙasa. Da a daji ya ga irin wannan sawun, da ya ce dabbar ba za ta yi nisa ba.

Hanyar caji ofis ta gaban kemis ta bi. Dakta ya riga su komawa, har ya buɗe. Wani magidanci na jingine da kanta yana tari, yana ba da labarin abin da ya faru a shagon Kafinta, yana cewa Allah ya kyauta, ai shuɗi da farin nan dama shi bai taɓa yarda da shi ba.

"Ba ni ja da baƙi guda biyu," in ji shi.

Mai Sawu bai waiwaya ba. Ya dai ji ƙarar almakashi.